Mutumin da ya yi wa dodon Norway fuska, gyara ya yi ko ɓarna?

Auta Mai Zane:
Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah akwai wanda ya taɓa jin sunan Theodor Kittelsen a cikinku? Jiya da daddare ina laluben zanen tawada da zan koyi yadda ake haɗa duhu da haske sai na faɗa kan wani zane, tafki ne ya yi tsit da bado a samansa, ruwan baƙi ƙirin, can tsakiya ga wani kai ya ɓullo rabi, gashi kamar ciyawar ruwa, idanu biyu suna ƙyalli suna kallonka. Wlh saida na tashi na kunna fitila. Nøkken sunan abin, wato ɗan ruwan mutanen Norway. Ban runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu ina ta bin zane-zanen mutumin. An haife shi 1857 a wani ƙaramin garin bakin teku mai suna Kragerø, ya rasu 1914, kuma wai duk dodon da ɗan Norway yake gani a ransa in an ce troll, na wannan bawan Allah ne. Abinda ya tsaya min a rai kenan, ya za a yi mutum ɗaya ya zana wa al'umma guda abin tsoronta kuma kowa ya ce eh haka yake?

Sarkin Musu:
Kai Auta kullum da sabon Bature. Wancan satin ɗan Holan ne da ya yanke kunnensa, yau kuma mai zanen aljanu. Mu dai troll ɗin da muka sani sune masu zagi a Facebook 😂

Bakano a Oslo:
Wa alaikumus salam. Auta ka taɓo inda nake. Ba "wai" bane, gaskiya ne. Nan duk yaron da ya yi firamare ya san zanen Kittelsen ko da ya manta sunansa. Ka bi titin Karl Johan, babban titin da ya miƙe har fadar sarki, shagunan tsaraba cike suke da 'yan gumakan troll masu dogon hanci, kuma abin dariya shi kansa ya taɓa zana ƙaton troll yana takawa a kan wannan titin mutane suna ta gudu. A sabon gidan adana zane na ƙasa da aka buɗe 2022 na ga zanensa na Soria Moria, wata fada a tatsuniyarsu, na 1900 ido da ido. Yaro ne ya juya mana baya, da jaka a bayansa da sanda, yana tsaye kan tudu, duwatsu jere-jere a gabansa, can nesa ƙwarai wani abu yana walƙiya kamar zinariya. Shikenan zanen. Fadar ma ba a ganinta sosai. Amma na fi minti goma a tsaye, watakila don nima ɗan ci-rani ne.

Maman Ikram:
Wane ne yaron? Ku dinga yi mana bayani mu da bamu je ba.

Bakano a Oslo:
Afuwan Anti. Askeladden suke ce masa, ma'ana yaron toka, don kullum yana zaune bakin murhu yana tonon toka. Autan 'yan uwa uku ne, yayyensa Per da Pål sun raina shi, amma ƙarshe shi ke auren 'yar sarki ya samu rabin ƙasa. Akwai tatsuniyar da ya je daji sarar itace troll ya tare shi, sai ya ciro cuku daga jaka ya matse ruwa ya fito, ya ce wa dodon dutse ne, in baka yi hankali ba haka zan matse ka. Da suka je gidan dodon aka yi gasar cin fate sai yaron ya ɗaura burgami a cikinsa yana zuba faten a ciki, da ya cika ya sa wuƙa ya farke, ya ce ai haka ake yi in ana so a ƙara ci. Dodo ya ɗauki wuƙa ya farke nasa cikin. Ƙurungus.

Ɗan Damagaram:
Haba! Wannan ai aikin Gizo ne tsaf. Ashe har Norbej auta shi ne mai wayo. Auta Mai Zane shi ya sa abin ya kama ka, ɗan uwanka ka gani.

Malam Dattijo:
Barkanku da hira. Bari in sa baki kaɗan don kar a ɗora wa mutum ɗaya aikin mutane da yawa. Tatsuniyoyin ba Kittelsen ya tattara su ba. Wasu abokai biyu ne, Peter Christen Asbjørnsen da Jørgen Moe, suka bi ƙauyuka suna zama da tsofaffi da manoma suna rubutawa, suka fara bugawa 1841. Ku lura da lokacin. Norway ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin Danmak har 1814, daga nan aka haɗa ta da Suwidin, bata tsaya da ƙafarta ba sai 1905. Harshen rubutu ma na Danmak ne, to su waɗannan biyun suka bar kalmomin ƙauye da salon maganar ƙauye a cikin littafi, abin ya shafi yadda ake rubuta harshen har yau. Mutane ne masu neman abin da zasu nuna su ce wannan namu ne. Da aka zo yi wa tatsuniyoyin hotuna, wanda ya fara yin suna shi ne Erik Werenskiold, shi ne ya zana sarkin tatsuniya kamar wani babban manomi mai rufin asiri da kambi a kai. Kuma shi ya gabatar da abokinsa Kittelsen ga Asbjørnsen, sun san juna tun suna Munich. Tare suka yi littattafan tatsuniya na yara da suka fito tsakanin 1883 da 1887. Don haka amsar tambayarka Auta, ƙasa ce ta riga ta buɗe baki, shi kuma ya zo da loma.

Sarkin Musu:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. To yanzu bari in bar wasa. Ni a ganina ɓarna ya yi musu. Lokacin da kakata take mana tatsuniya a tsakar gida bayan isha, in ta ce Dodo, ni da yayata da ɗan maƙwabta kowa da nashi dodon a ka, nawa ma ko fuska bashi da ita, duhun bayan rumbu ne kawai ke motsi. Shi ya sa yake da ban tsoro. Ranar da wani ya zana shi ya ce ga shi nan, hanci kaza ido kaza, ka kashe dodanni dubu ka bar guda ɗaya. Gashi Bakano da bakinsa ya ce yanzu a shago ake sayar dasu ana rataya makulli. Dodon da ake rataya wa makulli ai ya zama ɗan tsana.

Maman Ikram:
Wlh Sarkin Musu yau ka yi magana.

Auta Mai Zane:
Yaya Sarki na ji maganarka amma dan Allah ka je ka kalli zanen tukuna. Mutumin nan bai zana dodo ya gama ba, wannan shi ne sirrin. Akwai troll ɗin daji na 1906, da farko zaka ɗauka tudu ne da bishiyoyi a kai sai daga baya ka lura ido ɗaya ne yake haske a tsakiya, tudun ne ke tafiya. Akwai wanda ya yi 1911, troll ya zauna ya yi tagumi yana tunanin shekarunsa nawa, gansakuka ta cinye shi har baka san inda jikinsa ya ƙare ƙasa ta fara ba. Nøkken ɗin da ya hana ni barci ma idanu da gashi kawai aka gani, sauran yana ƙarƙashin ruwa, kai zaka ƙarasa. Wato duhun bayan rumbun da kake faɗa shi ya zana, bai kunna masa tocila ba. Na shagon tsaraba kuma ba laifinsa bane.

Bakano a Oslo:
Auta ya yi gaskiya a nan. Bara da bazara abokan aiki suka kai ni Lauvlia, gidan da ya zauna da iyalinsa a Sigdal daga 1899 zuwa 1910, yanzu gidan tarihi ne. Gidan katako ne a kan tudu yana kallon tafkin Soneren. Akwai wani dutse a yankin, Andersnatten, ya zana shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Da yamma in hazo ya sauko ka kalli dutsen nan, wlh ba sai an faɗa maka ba, kai ne na wani abu da ya durƙusa. Dazuzzukan nan ba irin namu bane, shiru ne mai nauyi, kututturen bishiya ya faɗi saiwoyi a sama kamar yatsu. A nan na gane ba ƙirƙira ya yi daga kansa ba, ya daɗe yana kallon ƙasar ne har ta fara kallonsa. Kuma a tatsuniyarsu in rana ta fito ta riski troll a waje fashewa yake ko ya zama dutse, kaga ashe kowane dutse tsohon dodo ne.

Ɗan Damagaram:
To ku da kuke da duwatsu a Zariya da Dutse sai ku yi hattara.

Ustaz Abu Hafsa:
Assalamu alaikum. Tunatarwa ce kawai, maganar zanen abu mai rai malamai sun yi magana a kai, kar sha'awa ta sa a manta. Auta ka nemi malaminka ka tambaya.

Auta Mai Zane:
Na gode Ustaz, Allah ya saka. Muna kan tattaunawa da malamin unguwarmu akai.

Admin:
Madalla. Waccan mas'alar mun taɓa buɗe mata zaure nata, mai so ya koma can. A ci gaba.

Malam Dattijo:
Abin da ba a faɗa ba har yanzu shi ne yunwa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya rasu yaron yana da shekara 11, ya bar mace da 'ya'ya takwas ba abin hannu. Aka kai shi koyon gyaran agogo. Yana da 17 wani mai hali, Diderich Maria Aall, ya ga zanensa ya ɗauki nauyinsa, ya yi makarantar zane a Kristiania wato Oslo ta yanzu, 1876 ya wuce Munich a Jamus. Shekara uku kuɗin mai taimakon ya yanke, sai ya koma yi wa jaridu da mujallun Jamus zane don ya ci abinci. 1882 ya samu tallafin gwamnati ya je Paris, amma birni bai karɓe shi ba, kewar gida ta dame shi. 1887 ya tattaro ya dawo gaba ɗaya, kuma ina ya nufa? Skomvær, wani ɗan tsibiri a can ƙarshen tsibiran Lofoten a arewacin Norway inda mijin 'yar uwarsa ke kula da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Ba gari ba kasuwa, teku da tsuntsaye da iska, lokacin sanyi rana da ƙyar take leƙowa. Kusan shekara biyu ya yi a can. A nan ya fara rubutu da kansa yana haɗawa da zane, a nan dodannin ruwansa suka samo asali, har da Draugen, fatalwar masuncin da teku ta ci, mai yawo a rabin kwalekwale. Ni ina ganin da Paris ta yi masa daɗi da yau ba ma wannan hirar.

Maman Ikram:
Allah sarki maraya. Ya yi aure kuwa?

Bakano a Oslo:
Ya yi Anti, 1889 ya auri Inga Dahl, 'ya'ya tara suka haifa. Tara fa, da kuɗin zane.

Sarkin Musu:
Ashe Bahaushe ne 😂

Auta Mai Zane:
Ku tsaya baku ga komai ba sai kun ga Pesta. Tana cikin wani littafi ne da ya yi kan baƙar annobar da ta shiga Norway 1349 ta tashar Bergen a jirgin ruwa daga Ingila, ya fito 1900, zane baƙi da fari da rubutunsa. Mutanen ƙauye a labarinsu annobar tsohuwa ce mai suna Pesta mai yawo gari-gari, in ta zo da manjagara wasu zasu tsira ta tsakanin haƙoran manjagarar, in kuwa da tsintsiya ta zo to sharewa ce, ba wanda zai rage. Wannan kwatancen kaɗai ya isa. Shi kuma ya zana ta a duƙe da baƙin mayafi, wani wurin tana hawowa matakala ta ɗago kai tana kallonka kai da ke sama, ba inda zaka gudu. Wani zanen kuma yaro ne ya hango ta yana ce wa uwarsa ga wata tsohuwa nan tafe. Wani gawar talaka ce a gefen hanya cikin daji da tsuntsaye, ba mai binnewa. Wasu shafukan ma ba kowa a ciki, gona ce da gida da ciyawa ta rufe. Kuma ya ce fuskar wata tsohuwa ce ta gaske da ya gamu da ita a tsibirin Skåtøy kusa da garinsu.

Maman Ikram:
Innalillahi. Tsigar jikina ta tashi da maganar tsintsiyar nan. Ya tuna min lokacin korona da ake ta jin sanarwar rasuwar dattawa kullum. Amma ita baiwar Allah da aka ɗauki fuskarta aka yi annoba da ita fa, an tambaye ta? Tsohuwa tana tafiyarta talauci ya tanƙwara ta, shikenan ta zama mutuwa har abada. Mu ma nan haka ake yi wa tsofaffi, da an ga ta rame ido ya faɗa sai a ce mayya. Wannan kam bai burge ni ba.

Malam Dattijo:
Hajiya wannan magana ce mai nauyi kuma ban da amsarta. Abin da zan ce kawai, a zane-zanen nan tausayinsa yana wajen talaka, ba sarakuna ya zana suna mutuwa ba.

Bakano a Oslo:
Zanen Pesta da irinsu ne ma masu kiɗan nan mai ƙara na Norway, wanda ake kururuwa kamar ana yanka mutum, suka ɗauka suna sawa a bangon faifansu tun shekarun 1990. Da yawa daga matasan waje ta nan suka san shi, basu ma san yana da zanen kwaɗi da ƙwari sanye da kaya suna kwaikwayon manyan gari ba. Mutum ne mai barkwanci sosai da habaici.

Sarkin Musu:
To naji, ya iya. Amma me ya ci a ciki? Ku faɗa min ƙarshensa.

Malam Dattijo:
Ƙarshen ba daɗi. 1908 aka bashi lambar girma ta St. Olav. 1910 rashin lafiya da rashin kuɗi suka sa ya sayar da Lauvlia, gidan da ya fi ƙauna. 1911 gwamnati ta sa masa albashin masu fasaha, a shekarar ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa. Ya rasu 21 ga Janairu 1914 a Jeløya kusa da Moss yana da shekara 56, bai bar dukiya ba.

Sarkin Musu:
Kun ji ko. Lamba a ƙirji, tukunya a kife. Shekara biyu tsakanin lambar da sayar da gida. Shi kuwa ɗan ƙasarsu Munch mai zanen mutumin nan da ya dafe kunci yana ihu, guda ɗaya aka sayar kusan dala miliyan 120 a 2012. Auta ka ji da kyau kafin ka ce zane zaka ci da shi.

Auta Mai Zane:
Ai shi ma Munch ɗin ba shi ya karɓi kuɗin ba Yaya, ya daɗe a ƙasa lokacin.

Bakano a Oslo:
Bambancin su biyun a nan shi ne Munch na duniya ne, Kittelsen na gida. Baƙi ke layi wajen Munch. Kittelsen kuwa an daɗe ana masa kallon mai yi wa littafin yara hoto kawai, ba babban mai zane ba. Kuma don Sarkin Musu ya samu abin musu, a 1907 zuwa 1908 ya karɓi aiki daga Sam Eyde na kamfanin Norsk Hydro ya zana musu jerin hotunan yadda aka kama ruwan Svælgfos aka yi tashar lantarki, ya mayar da abin kamar tatsuniya.

Sarkin Musu:
Yauwa! Mai zanen aljanun ruwa ya karɓi kuɗin waɗanda suka kori aljanun. 'Ya'ya tara ba wasa ba.

Ɗan Damagaram:
Kai dai baka da dama. In kai ne zaka ƙi?

Maman Ikram:
Na dawo, ku yi haƙuri kwana biyu. Maganar Sarkin Musu ce ta tsaya min, sai na gwada a ajina na 'yan aji huɗu. Na yi musu tatsuniyar yarinyar da Dodo ya kama yake sa ta yi masa kitso, karnukan gidansu suka cece ta, sannan na raba takarda na ce kowa ya zana Dodo. Jama'a abin da na gani. Mafi yawansu dodon katun suka zana, kore mai faɗin kafaɗa, wani da haƙoran kada irin na wasan waya, wani ma har da riga mai hula. Yarinya ɗaya ce tak ta yi wani abu mai gashi har ƙasa ba fuska, na tambaye ta ta ce kakarta ce ta ce haka yake. Wato dodon da kake cewa kar a zana don kowa ya riƙe nashi, an riga an zana musu, ba mu muka zana ba kawai.

Sarkin Musu:
Hmm. Wannan kam ta shige ni. Amma ban janye ba, ni dai a dawo da kaka tsakar gida ya fi min a kawo mai burushi.

Malam Dattijo:
Kakar tana nan, wayar ce ta fi ta murya. Tatsuniyoyinmu an rubuta da yawa, tun Frank Edgar a 1911 har zuwa aikin marigayi Ibrahim Yaro Yahaya da muka karantar da shi a makarantu. Rubutun bai yi ƙaranci ba.

Ɗan Damagaram:
To Auta ga fili ga mai doki. Amma kar ka zauna ɗaki da waya, ka zo nan in kai ka bayan gari lokacin hunturu da magariba ka ga kukoki cikin hazo, in baka ga Dodo ba in biya maka kuɗin mota.

Auta Mai Zane:
Na karɓa, bayan jarrabawa in Allah ya yarda. Anti dan Allah ki ɗauko min hoton zanen yarinyar nan. Tambaya ɗaya kafin in fara, Dodo yana da wutsiya?

Maman Ikram:
Yana da ita mana.

Ɗan Damagaram:
Wutsiya kuma? Namu na Damagaram bashi da wutsiya ko kaɗan.

Sarkin Musu:
An fara.